Abin da Ragna Ta Gani a Saman Hasumiyar Gent

Jirginsu ya sauka Brussels da hantsi, kuma ba za su koma Bergen ba sai washegari da safe. Irin zangon da ma'aikatan jirgin sama suke so ke nan: yini guda ba fasinja, ba tura keken abinci, ba murmushin dole. Tun kafin motar da ta ɗauko su ta tsaya a ƙofar otal, Tuva ta gama tsara musu yinin. Kowa ya hau ɗakinsa ya cire kayan aiki, a haɗu a ƙasa, a hau jirgin ƙasa zuwa Gent. Biyu daga cikin 'yan matan da suke aikin cikin jirgin suka ce su barci za su yi. Saura mutum huɗu.

Ragna ce shugabar ma'aikatan cikin jirgin. Ta haura hamsin, 'yar Bodø ce can arewa, gajeriya mai faɗin kafaɗa. Ba ta da yawan magana, in kuwa ta yi ba ta sa mata sukari. Tuva tana ƙarƙashinta, mace mai son yawo da saye-saye, wadda ba ta taɓa komawa gida da jaka yadda ta fito da ita ba. Sindre shi ne mataimakin matuƙi, dogo, mai auna kowace kalma kafin ya furta ta, don a shekarar nan yake sa ran a ba shi kujerar kyaftin. Sai Kyaftin Oddvar, haifaffen Bergen, ya ɗan ba sittin baya, mai jan fuska da ƙatuwar murya, furfura cike da kai. Shi da Ragna sun fi shekara ashirin suna haɗuwa a jirgi, su rabu, su sake haɗuwa, yadda tsarin kamfani ya ga dama.

"'Yar ƙanƙara," in ji Oddvar, da suka zauna a jirgin ƙasa, "yau ki buɗe ido ki ga gari. Ba irin garinku ba, da in an kwashe busasshen kifi sai iska ta rage."

"Mutumin Bergen," in ji Ragna, ko ɗago kai ba ta yi ba, "da surutu yana tuƙa jirgi, da kamfani ya daina sayen mai tun ranar da aka ɗauke ka aiki."

Tuva ta kwashe da dariya. Sindre ya dubi fuskar kyaftin tukuna, ya ga dariya yake yi, sannan shi ma ya yi.

Ma'aikatan jirgi suna da wata ƙa'ida da babu ita a littafin kamfani, amma sun fi riƙe ta a kan duk wadda aka rubuta: maganar zango ba ta hawa jirgi. Wanda ya sha ya yi tatul, wadda aka gani tana fitowa daga ɗakin da ba nata ba, wanda ya zauna a bakin gado ya yi kuka a kan matarsa, da an sa kayan aiki an shiga motar filin jirgi, magana ta mutu. Amana suke ce mata. Wani lokaci amanar ce. Sau da yawa kuwa rufin asiri ne kawai irin na mutanen da kowa ya san laifin kowa. Ragna ta yi shekara da shekaru tana bin ƙa'idar nan, ba ta taɓa tambayar kanta inda iyakarta take ba.

Sun shiga tsohon gari rana ta kusa tsaka. Ko da kayan gida a jikinsu, mai ido zai gane su. A jere suke tafiya, da sauri, kyaftin a gaba, Ragna a baya tana ƙirga kawuna ba tare da ta san tana yi ba. Duk ginin da suka shiga, idanunsu ƙofar fita suke fara nema. Tuva ta ce a fara da hasumiyar ƙararrawa, tun sama ba ta haɗa hadari ba.

A ciki akwai na'urar da take ɗaukar mutane zuwa sama. Oddvar ya dube ta ya yi tsaki.

"Wannan ta tsofaffi ce da masu ciki. Sindre, kana da ciki?"

"A'a, Kyaftin."

"To, mu je."

Suka bi matakalar dutse, matsattsiya, mai juyawa kamar kunun da ake damawa. Oddvar yana gaba yana ba su tarihin garin da ƙarfi, rabi gaskiya, rabi abin da ya ƙirƙira a matakalar. Da suka fito barandar sama, iska ta doke su. Barandar ƙunci gare ta, mutum biyu ba sa jerawa. Tuva ta ja Sindre suka zagaya ɗaya gefen neman inda aka fi ganin kogi. Oddvar ya ciro wayarsa.

"Tsaya nan, 'yar ƙanƙara. Ki gwada yin murmushi, ba zai kashe ki ba."

Ya ɗaga wayar da hannun dama. Sai wayar ta zame ta faɗi a kan dutse. Bai bi ta da ido ba. Hannunsa yake kallo, hannun ya sauka gefensa ya rataye kamar na rigar da ba kowa a ciki. Ya buɗe baki zai yi magana, abin da ya fito ba magana ba ce, wani irin dagwalon sauti ne. Gefen bakinsa na dama ya zube ƙasa.

Daidai nan ƙararrawa ta soma bugawa a ƙarƙashin ƙafafunsu, duk hasumiyar ta ɗauki rawa.

Ragna ta matso ta riƙe shi, ta jingina shi da bango. Duk shekara sai an zaunar da su a aji an maimaita musu alamun nan na shanyewar ɓarin jiki: fuska, hannu, magana. Shi kansa Oddvar ya sha zama a ajin, a baya, yana tsokanar malamar.

"Oddvar! Dube ni. Ɗaga hannuwanka duka biyu."

Na hagu ya tashi. Na dama ya ɗan motsa ya koma. Idanunsa suna kanta, kuma babu abin da ya ɓace masa a cikinsu. Ya san abin da yake faruwa sarai.

Ta sa hannu a aljihu za ta ciro waya. Ya cafke wuyan hannunta da hagunsa, ya matse har ta ji zafi. Haka suka tsaya, ƙararrawa tana ta bugawa. Kafin ta lafa, yatsunsa na dama suka soma motsi. Ya dunƙule su, ya buɗe. Bakinsa ya koma daidai a hankali. Ya haɗiye yawu, ya gwada sunanta sau biyu, na biyun ya fito tsaf.

"Ragna. Ba ki ga komai ba."

"Na gani."

"Matakala ce. Na hau da sauri, ban karya da kirki ba. Ya wuce. Duba." Ya sunkuya ya ɗauki wayar da hannun dama, ya jefa ta sama ya cafe.

"Asibiti za mu yanzu."

"Za mu yi magana. Ba a nan ba, ba a gaban yaran nan ba. Don Allah."

Ba ta taɓa jin ya ce mata don Allah da gaske ba. Sai ga su Tuva sun zagayo, gashinta duk ya hargitse da iska.

"Kai! Kunnena ya tafi! Kyaftin, wa ya fasa maka waya?"

"'Yar arewa ta yi murmushi, gilashi bai iya jurewa ba."

Aka yi dariya. Ragna ta mayar da hannunta aljihu, ta bar wayar a ciki. A nan ta yi kuskure, kuma babu wani suna mai daɗi da za a sa masa. Da fasinja ne ya yi haka a kujerarsa, da tuni ta sa an juya jirgi. Amma wannan ba fasinja ba ne, kyaftin ne, abokinta ne, kuma a zango suke.

Da za su sauko, Oddvar ya nufi na'urar da ya raina ɗazu.

"A'a! Kyaftin ya samu ciki?" in ji Tuva.

"Wata uku," ya ce. "Kada ki gaya wa kamfani."

Suka ci gaba da yawon. Sun shiga babbar majami'a, suka bi layin masu kallon zanen da ke bayan gilashi. Ragna ba za ta iya faɗin abin da aka zana ba, don hannun Oddvar take kallo. Shi ma ya san tana kallo, sai ya mayar da yinin wasan kwaikwayo. Ya karɓe jakar Tuva ya riƙe da dama. Ya nuna rufin majami'a da dama. Da suka fito ya yi fito da baki, ya kaɗa yatsu, ya karanta sunan wani titi mai wuyar faɗa har sau uku, kowane da sauri fiye da na baya. A wani dandali suka tarar da masu sayar da alewar garin, mai launin shuni da siffar hanci. Ya saya ya miƙa wa kowa, ya ɗora ɗaya a kan nasa hancin.

"Wa ya fi kyau, ni ko Sindre?"

Ragna ta sa tata a baki. Ta bi bayansu.

Tana tafe tana yi wa kanta lissafin da matsorata suke yi, wanda kullum yakan fito daidai da abin da suke so. Wataƙila matakalar ce. Wataƙila sukari ne ya yi ƙasa. Ga shi nan garau, ya fi kowa kuzari. In ta buɗe baki, an gama da shi: matuƙin da irin wannan ya same shi a shekarunsa, likitan kamfani zai karɓe takardar lafiyarsa, kuma ba za a mayar ba. Oddvar kuwa ba shi da komai sai tuƙi. Matarsa ta daɗe da barinsa, ɗansa yana Kanada, sai Kirsimeti suke waya. Can ƙasan duk wannan lissafin, abin da ta sani yana nan bai gusa ba. Ƙaramin da ya zo ya wuce, sallama ce ta babban, kuma babban ba ya daɗewa a hanya. Gobe da safe mutumin nan zai zauna a gaban jirgi, mutum ɗari da wani abu a bayansa.

Tuva ta shiga wani tsohon shago sayen mastad, wani yaji mai kauri na cin nama da ake zubawa daga ganga, Oddvar ya bi ta yana cewa zai koya wa mai shagon sana'arsa. Ragna ta tsaya a waje da Sindre.

"Sindre, ka lura da kyaftin yau?"

Ya gyara gilashinsa. Ya dubi taga, ya dubi takalminsa.

"Lafiya na gan shi."

"A saman hasumiya..."

"Ragna." Ya rage murya. "In kika faɗa mini wani abu, dole in yi wani abu. Shi zai rubuta rahoto a kaina wata mai zuwa. Ni ina ɗaya gefen, ban ga komai ba. Kin gane?"

"Na gane ka sarai," ta ce.

Ya ji abin da take nufi, kunnuwansa suka yi ja. Ita kuwa ba ta da bakin zaginsa. Abin da ya yi da baki, shi take yi da ƙafa tun tsakar rana.

Suka ci soyayyen dankali a tsaye a gindin bangon tsohuwar fadar yaƙi, da sauri, yadda suka saba cin abinci a bayan labule tsakanin kiran fasinja da kiran fasinja. Daga nan suka gangara bakin kogi, inda tsofaffin gidajen 'yan kasuwa suke jere. Tuva ta hango kwalekwalen da yake zagayawa da baƙi.

"Mu hau! Mama Ragna, mu hau, ƙafata ta gaji."

"Ku hau ke da Sindre. Ni ruwa yana sa ni jiri."

"'Yar masunta? Haba!"

"Kyaftin zai taya ni zama," in ji Ragna. Ba tambaya ta yi ba.

Kwalekwalen ya tashi da su. Oddvar ya zauna a kan dakalin dutse na bakin ruwa, ya ajiye jakar mastad a tsakanin ƙafafunsa. Da Tuva ta ɓace a ƙarƙashin gada, fara'ar da ya yini yana ɗauke da ita ta sauka daga fuskarsa gaba ɗaya. Sai ga tsoho.

"To, faɗi," ya ce.

"Kai za ka faɗa. Sau nawa ke nan?"

Ya dubi kogin. Wasu ɗalibai a kusa da su suna ta dariya, ƙafafunsu na reto a kan ruwa.

"Sau ɗaya kafin yau. Makon jiya, a gida. Kofi ne ya kuɓuce mini. Bai kai na yau ba."

"Ka tuƙa jirgi bayan nan."

"Na tuƙa, na sauke ku lafiya. Ko kin ji an girgiza ki yau da safe?"

"Ba ka da kunya, Oddvar."

"Saurara, ki bar ni in gama. Gobe Sindre ne zai tuƙa, daga tashi har sauka. Ni zama kawai zan yi in yi magana da hasumiyar filin jirgi. Tafiyar ba nisa. Da mun sauka Bergen zan tafi wurin likitana, nawa na kaina, ba na kamfani ba. Ya ba ni magani, in ɗauki hutu, in ce bayana ne. Ba wanda zai ji, ba wanda zai cutu. Kwana ɗaya nake roƙo."

"In ya zo maka muna saukowa fa? Hannunka a kan abin tuƙi, ƙafarka a kan birki, ga iskar Bergen? Ka faɗi a kan yaron nan da ko tari ba ya yi sai ya nemi izininka?"

"An horar da shi a kan haka."

"An horar da shi don abin da ba a sani ba. Wannan kuwa ka sani, na sani."

Ya juyo ya dube ta.

"Lokacin da Leif yake kwance," ya ce a hankali, "wa ya shiga ofis ya buga tebur har aka bar ki a gida wata biyu? Ranar da kika zo aiki ba ki yi barci ba, kika manta ki duba ƙofar baya, wa ya gani ya gyara, ya yi shiru? Na taɓa tayar da maganar? Ko sau ɗaya?"

"Sai yau."

"Sai yau, da nake nutsewa."

Gaskiya ya faɗa. Leif mijinta ne, kuma a watannin da ciwo yake cinye shi babu wanda ya tsaya mata a kamfanin kamar mutumin nan. Ta ji maganar har cikin ƙashinta. Amma alherin da aka ajiye don a ciro shi ranar da ake son a rufe wa mutum baki, ya riga ya sauya suna. Ta zauna kusa da shi a kan dakalin.

"Ba zan kira kamfani in kai ƙararka ba," ta ce.

Ya sauke numfashi.

"Tsaya, ban gama ba. Gobe in an gama shigar da fasinja, ni ce mai rufe ƙofa, ni ce mai zuwa in ce maka cikin jirgi ya shirya. In kai ne a kujerar nan, ba zan rufe ba. Zan tsaya a bakin ƙofa, hannuna a baya, har a gaji."

"Kin haukace? Za su tambaye ki dalili."

"Za su tambaya."

"Ki ce me?"

"Ka san ban iya ƙarya ba. A gaban masu lodi, da 'yan matan, da fasinjan layin gaba."

"To ai kai ƙarar ke nan! Kin dai naɗe ta a takarda mai kyau."

"Kira shi abin da ka ga dama. Waya tana aljihunka, ta fashe amma tana aiki. Ka kira da bakinka, ka ce ba ka da lafiyar tashi. Haka za a rubuta: kyaftin ya gane da kansa, ya sauka da kansa. Ko kuwa gobe a sauko da kai ta matakala kowa yana kallo."

"Shekara ashirin, Ragna."

"Da ɗoriya. Shi ya sa nake zaune nan maimakon in kira tun a sama. Kuma ban yi daidai ba da na jira. Kowace sa'a da muka yi muna kallon majami'a da cin alewa, da kanka muka yi caca."

Ya miƙe tsaye. Ta zaci tafiya zai yi. Ya taka zuwa bakin ruwa, ya tsaya yana kallon gidajen da ke ƙetare, hannunsa na dama yana dunƙulewa yana buɗewa. Ya zage ta da wata kalma ta masunta wadda ita ce ta koya masa shekarun baya. Ta ci gaba da zamanta. Can sai ya ciro wayar.

Muryar da ya yi magana da ita, ita ce wadda yake sanar da fasinja yanayin sama, a natse, ba rawa.

"Oddvar ne, daga Brussels. Ku nemo wani kyaftin don jirgin safe. Ba ni da lafiyar tashi. A'a, ba mura ba ce. Ku haɗa ni da likita."

Yana cikin magana ita ma ta kira motar asibiti. Ta tura wa Tuva saƙo cewa su koma otal, za ta yi musu bayani. Da motar ta iso, mutanen bakin kogi suka juyo suna kallo. Oddvar ya ƙi gadon da aka sauko masa da shi, ya hau da ƙafarsa.

"Ba na son ki biyo ni," ya ce.

Ta hau ta zauna. Ya juya fuskarsa ga bangon motar, haka ya tafi har asibiti.

Rana ta yi sanyi kafin wata likita ta fito ta same ta a baranda, ƙaramar mace mai gajeren gashi da gajiya a ido. Ta ce jijiyar jinin wuyansa ta hagu ta kusa toshewa gaba ɗaya, za a yi masa aiki cikin kwanakin nan, ba zai bar asibitin ba sai an yi. Sannan ta duba takardar hannunta.

"An ce tun tsakar rana abin ya same shi. Kina wurin?"

"Ina wurin."

"Kuma ke ma'aikaciyar jirgi ce. An koya muku alamun."

"An koya mana."

"To me kuka tsaya yi duk yinin nan?"

"Yawon ganin gari," in ji Ragna.

Likitar ta dube ta na ɗan lokaci, ta juya ta koma ciki. Ragna ta gwammace a ce zaginta ta yi.

Washegari aka turo wani kyaftin daga Oslo a jirgin farko. Ba su tashi ba sai bayan azahar. Fasinjoji suka shigo da fushi, wani mai jakar fata ya tsaya a bakin ƙofa ya gaya wa Ragna cewa ya rasa taro mai muhimmanci saboda sakacinsu. Ta ba shi haƙuri, ta nuna masa kujerarsa. Tuva ta yi aikinta idanunta a kumbure. Sindre bai yarda sun haɗa ido ba har suka sauka.

Aikin da aka yi wa Oddvar ya yi kyau. Takardar lafiyar kuwa ba a mayar ba, kamar yadda kowa ya sani tun farko. A rubuce, kyaftin ne ya sauka da kansa, har kamfani ya yaba masa a wasiƙar da ake raba wa ma'aikata. Amma Sindre ya gaya wa wani abin da ya ce bai gani ba, wanin ya gaya wa wani, ga shi kuwa an ce maganar zango ba ta hawa jirgi. Kafin wata ya ƙare, akwai tsofaffin matuƙa da in Ragna ta shigo ɗakin hutu sai hira ta tsaya. Wani ya taɓa cewa, yadda za ta ji, kada kowa ya yi atishawa a gabanta in yana son aikinsa. Wasu kuwa suka riƙa gaishe ta fiye da da, amma sai in ba kowa a kusa. Ba ta bi kowa da bayani ba. An yi wa Oddvar liyafar ban kwana a wani gidan cin abinci na bakin teku. Ba a gayyace ta ba. Ta aika masa da saƙo sau biyu, bai amsa ba, ta bari.

Sai da kaka ta shigo ta sake ganinsa. A Bergen ne, kusa da kasuwar kifi, ana yayyafin da ba ya ƙarewa a garin. Ya rame, ya bar gemu, yana ɗauke da gwangwanin fenti biyu, ɗaya a kowane hannu. Ya hango ta daga nesa, ita ma ta hango shi. Ya ɗan tsaya. Ta ɗaga hannu. Sai ya duba hagu da dama, ya tsallaka titi zuwa ɗaya gefen don kada su haɗu, da sauri, har yana tsallake kududdufi.

Ragna ta tsaya a ƙarƙashin lemarta ta bi shi da kallo har ya sha kwana. Ƙafafunsa biyu suna taka ƙasa daidai, fentin bai kuɓuce masa ba. Ta rasa aboki, kuma ta san ba zai dawo ba. Ta gyara jakarta a kafaɗa, ta wuce tashar mota, don da yamma tana da jirgin Tromsø.